Murhun Gas na Don Fermín

Don Fermín Oyarzo ya ƙarar da ƙarfinsa yana raba tukwanen gas gida-gida a garin Zapala, amma bai taɓa yarda gas ya kusanci naman da zai kai bakinsa ba. Gas, in ji shi, na dafa ruwan shayin ganyen mate ne, da ɗumama ɗaki, da miyar marasa lafiya. Naman gashi itace yake so, itacen ma pikilin, jan nan mai nauyi wanda garwashinsa ke jimawa bai zama toka ba. Duk wanda ya ɗora haƙarƙari a kan gas, a wurin Don Fermín, bai gasa ba, ya dai ɗumama ne kawai, kuma ya kamata a binciki gidan da ya tashi.

Unguwar duka ta san wannan ra'ayi nasa, don ba mutum ne mai ɓoye ra'ayi ba. Ranar Lahadi tun hantsi hayaƙi ke tashi a bayan gidansa, shi kuma yana tsaye da dogon shebur na ɗiban garwashi, hula a karkace, fuska a murtuke sai ka ce an kawo masa sammaci. Ba a taɓa masa wuta. Ba a ba shi shawara. Ba a tambayarsa yaushe nama zai gasu. Idan ya gasu zai yanka ya bi kowa da rabonsa a kan katako, shi kuma ya ci nasa a tsaye a bakin ragar gashi, kamar kowane mai gashi da ya san ciwon kansa. Daga nan sai matarsa Herminia ta ɗaga murya ta ce a yi wa mai gashi tafi, kowa ya ajiye wuƙa ya tafa. Shi kuwa ya kaɗa hannu wai a bari, alhali da za a manta ba a tafa ba, sai ya yi mako bai yi wa kowa magana ba.

Da Herminia ta rasu, Lahadi ta koma rana irin sauran ranaku. 'Yarsu tilo, Noelia, tana can birnin Neuquén da mijinta Gastón da 'ya'yansu, aiki ya sha musu kai, waya ma sai an yi sa'a. Abin da ya rage wa tsohon shi ne Kunkuru, wato ɗakin tafi-da-gidanka da yake ɗaurawa a bayan motarsa. Herminia ce ta raɗa masa sunan saboda ƙusumbinsa da rashin saurinsa. Tun Noelia na goyo, duk ƙarshen Fabrairu, yake jan Kunkuru zuwa bakin tafkin Aluminé, ya kafa shi a filin Doña Clorinda mai ba da hayar wurin sauka, ya kewaye murhu da duwatsu, ya jera itacen da ya ɗauko tun daga gida. Har yanzu Noelia na zuwa da iyalinta su yi mako. Wannan makon shi ne duk rabon Don Fermín daga 'yarsa da jikokinsa a shekara, kuma ya sani. Sauran watannin jira ne kawai, da gyaran tayar Kunkuru da ba ta lalace ba.

Ana cikin watan Janairu Noelia ta kira shi.

"Baba, bana fa an hana hura wuta a bakin tafki. Doña Clorinda ta kira ni. Bayan gobarar dajin bara, ko tsinke aka gan ka kana ƙonawa, korar ka za a yi. Gas kaɗai aka yarda."

"Wutata ba ta taɓa tsallake dutsen da na kewaye ta da shi ba."

"Na sani, Baba. Amma dokar ba ta san sunanka ba."

Sai ta shiga kewaye-kewaye, irin na mai ɗauke da maganar da ba ta son saukewa. Wai Gastón ya ga wani gida na haya a bakin teku, mai ruwan zafi da gadon kowa daban. Wai yara sun girma, ba sa son kwana a tanti. Wai Kunkuru ma ya tsufa, kuma akwai wani abokin aikin Gastón da ke neman irinsa. Wai tunda dai ba za a yi gashi ba, me za a je yi a wannan sanyin? Ta ce in ya so shi ma ya biyo su kwana biyu. Don Fermín ya ji wannan "kwana biyu" har cikin haƙoransa. Ya san yadda ake yi wa tsoho a gidan haya na suruki: a ba shi kujera kusa da taga, a riƙa tambayarsa ko ya sha maganinsa.

"Wa ya ce ba za a yi gashi ba?" in ji shi.

"To, da me?"

"Wannan ba damuwarki ba ce. Ku dai ku zo."

Ya ajiye wayar yana jin kamar ya sayar da wani abu da ba nasa ba. Ya yi kwanaki yana zaga maganar. Ya fita bayan gida ya tsaya kan tarin pikilin ɗin da ya tanada tun kaka, ya dawo. Da ya ga watan na neman ƙarewa, sai ya ɗauki igiya ya auna faɗin ƙofar Kunkuru, ya ƙulle ta a daidai wurin, ya cusa a aljihu, ya nufi shagon Basualdo da tsakar rana, lokacin da mutanen kirki ke barci ba mai ganinsa.

Basualdo abokinsa ne tun suna samari, kuma ya ci naman Don Fermín fiye da yadda ya ci na gidansa. Yana zaune bayan kanta da ƙoƙon mate a hannu.

"A'a, tsoho. Ka ɓata hanya ne, ko mutuwa aka yi?"

"Murhun gashi nake nema."

"Raga tana can baya, ka san wurin."

"Na gas."

Basualdo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Sake faɗa. Bari in kira matata ta zama shaida, don ba wanda zai yarda da ni."

"Kira ta, ka ga in ban fasa maka ƙoƙon nan a ka ba."

Basualdo ya yi dariya har da tari, amma da ya dubi fuskar abokinsa sosai sai ya haɗiye sauran. Ya ji labarin dokar tafki, rabin garin sun zo sayen irin wannan murhun. Ya kai shi lungun da aka jera su, suna ta ƙyalli, kowanne da maɓallai kamar rediyo.

Akwai wani ƙato mai murfi da tayoyi, har da agogon auna zafi a goshinsa. Basualdo ya ce likitoci da lauyoyi shi suke saye. Don Fermín ya fito da igiyarsa ya gwada, ƙullin bai kai ba, ya ce to likitocin su ja shi a ƙafa zuwa Aluminé. Akwai wani ɗan ƙarami mara nauyi da ake naɗewa kamar jaka. Ya ƙwanƙwasa ragarsa da farce, ta yi ƙara irin ta gwangwani, ya ce wannan sai dai a gasa wa jariri burodi. Ya daɗe a kan na uku. Baƙi ne, ba kyan gani, ƙafafunsa na lanƙwashewa, ragarsa ƙarfen zubi mai kauri da zai riƙe zafi, an yi mata kwararo yadda kitse zai gangara gefe maimakon ya ɗiga kan wuta. Bakin wutarsa biyu ne, kowanne da maɓallinsa, wato ana iya rage gefe ɗaya a bar ɗaya, kamar yadda yake jan garwashi da shebur. Ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Ya leƙa ƙarƙashi ya duba walda. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, wanda ya ƙera wannan abin ya san nama.

"Wannan," in ji shi, kamar mai nuna ɓarawo a cikin layi.

"To, tukunya fa? Kai dai ba a koya maka gas."

Don Fermín ya juya ya duba. Tukwanen suna jere a jikin bango, kuma ya san su kamar yadda ya san 'yan'uwansa, don kafaɗarsa ta dama har yau ta fi ta hagu sauka saboda su. Ga ta gida mai gas ɗin da ake kira butano, wadda kowa ke saye, ana samun canjinta a kowane ƙauye. Ga mai ɗayan gas ɗin, propano, wadda ba kowa ke tambaya ba. Ya san abin da butano ke yi a kan duwatsu. In gari ya yi sanyi, aka kuma buɗe masa baki biyu na tsawon lokaci, sai jikin tukunya ya yi raɓa, wuta ta riƙa ja da baya har ta koma kamar ta kyandir. A Aluminé kuwa ƙarshen Fabrairu, ruwan bokiti kan kwana da ƙanƙara a fuska. Propano bai damu da wannan ba.

Wani tunani ya zo masa, kuma ba tunanin kirki ba ne. Ya ɗauki butano mana. Ya kunna a gaban kowa, ya ɗora nama, wuta ta mutu a tsakiyar aiki, haƙarƙari ya fito fari fat kamar dafaffe. Sai ya buɗe hannu ya ce, to, ga gas ɗinku. Kowa ya gani da idonsa cewa abin da yake faɗa shekara da shekaru gaskiya ne. Ya ji daɗin tunanin har bakinsa ya motsa. Amma a bayan wannan daɗin ga fuskar Gastón yana duba hoton gidan bakin teku a waya, ga Kunkuru a bayan motar wani. Ban da haka ma, bai taɓa ba mutum nama mara kyau da gangan ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba.

"Propano. Da kan tukunya irin nata, kada ka haɗa ni da na butano. Tiyo kuma sabo, ba wanda ya shekara a rana ba."

"Ka san ba a samun canjinta a can sama."

"Ba ni biyu."

Basualdo ya taya shi lodawa. Don Fermín ya lulluɓe kayan da tsohon bargo tun kafin ya tayar da mota. Basualdo ya jingina da taga ya ce, ba da tsokana ba wannan karon, ai nama nama ne, hannun mai gashi ne ke aiki. Don Fermín ya ce masa ya koma kan kantarsa ya sayar da ƙusa.

A cikin gareji ya yi gwaji, ƙofa a saye, don kada maƙwabta su gani. Ya haɗa tiyo, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ya tsaya ya ga ko za ta yi kumfa. Ya murɗa maɓalli, abin ya ce ƙyas, wuta shuɗiya ta tashi a jere, tsaf-tsaf, ba hayaƙi ba wari ba gardama. Ya tsaya yana kallonta da ƙyama. Wutar itace sai ka lallashe ta, ka san inda iska ta fito, ka jira ta huce daga fushinta kafin ta ba ka garwashi. Wannan kuwa ko wawa ya murɗa za ta amsa masa.

Naman farko ya ƙone a waje, ciki ɗanye. Ya ba kare. Na biyu ya bushe. Da mai hankali ne da ya ce ya isa, ya je haka nan. Amma Don Fermín ba ya iya barin abu a rabi, ko da abin da ya tsana ne. Ya jera yankan burodi a kan raga ya gano inda ta fi zafi da inda take sanyi. Ya gane sai an bar ƙarfen ya sha wuta tukuna a rage ta ƙasa sosai. Ya yanko fallen kwano ya lanƙwasa ya yi mata kariya daga iska, don iskar tafki ba ta da mutunci. A gwaji na ƙarshe haƙarƙarin ya fito da launi mai kyau, ƙashi na zamewa da kansa. Ya yanka ya kai baki ya tauna a hankali. Da laushi, da romo, gishiri daidai. Amma babu kowa a cikinsa. Babu pikilin, babu hayaƙin nan mai ɗan ɗaci da ke kama bayan harshe. Ya ji sanyi a ransa. Ya ce a zuciyarsa, za su ci, za su ƙoshi, za su yi ladabi, amma Noelia za ta ɗago kai ta dube shi. Ita da aka yaye ta da naman wutarsa, ba sai an gaya mata wannan bai kai na itace ba. Wannan kallon kaɗai yake so, ba ya neman ƙari.

Suka hallara a bakin tafki ranar da aka sa. Filin Doña Clorinda cike da mutane, amma ko'ina duwatsun murhu a sanyaye, an kifa musu rabin durom. Don Fermín ya kafa Kunkuru a inda ya saba, ƙarƙashin manyan itatuwan nan, ya ƙi kallon da'irar duwatsun da shi ya jera da hannunsa tun Noelia ba ta iya tafiya ba. Jikoki suka rungume shi suka ruga bakin ruwa. Gastón ya gaishe shi da ladabi kamar kullum. Mutum ne mai kirki, ma'aikacin banki, mai taushin hannu, kuma Don Fermín bai taɓa samun laifin da zai kama shi da shi ba, abin da ya sa bai taɓa yafe masa ba ke nan. A duk shekarun auren, iyakar abin da aka yarda Gastón ya yi a wurin gashi shi ne miƙo gishiri.

Washegari Lahadi. Don Fermín ya tashi da wuri bisa sabo, sannan ya tuna ba itacen da zai faskara, ba wutar da zai hura. Ya zauna a matakalar Kunkuru yana shan mate, hannuwansa sun rasa abin yi. Da hantsi ya fito da baƙin murhun, ya miƙe ƙafafunsa, ya kafa fallen kariya, ya haɗa tukunya. Safiyar da sanyi, iska na tasowa daga ruwa. Can gefe wani maƙwabcinsu na sauka yana ta jijjiga tukunyar butano yana zaginta, har ya tsoma ta a baho na ruwan ɗumi. Wutar Don Fermín ko gezau. Ya ɗora haƙarƙari ta gefen ƙashi, ya ɗora naman kuiɓi, ya barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ya tsaya a kai da fuskar nan tasa ta Lahadi.

Rana na tsaka nama ya gasu. Bai taɓa gama gashi da wuri haka ba. Da wutar itace sai rana ta karkata sosai ake zama. Ya yanka, ya bi kowa da katako, ya koma bakin raga ya tsaya da nasa yankin a kan wuƙa. Bai ci ba. Noelia yake kallo.

Ta yanka, ta kai baki, ta lumshe ido. Ta sake yankawa. Yara suna ci hannu baka hannu ƙwarya, maiƙo har gwiwar hannu. Gastón ya miƙo farantinsa a ƙara masa tun bai cinye na farko ba. Sai Noelia ta goge baki, ta ɗaga murya yadda uwarta ke yi, ta ce a yi wa mai gashi tafi. Suka tafa. Har maƙwabcin nan mai baho ya taya su daga nesa. Don Fermín ya kaɗa hannu wai a bari, yana jiran sauran maganar.

"Baba, ban taɓa cin namanka mai daɗin wannan ba."

"Kin dai ji yunwa ne."

"A'a, da gaske nake. Babu ɗacin hayaƙin nan. Ga shi kuma mun ci a kan lokaci kamar mutane." Ta juya ga mijinta tana dariya. "Ka tuna na gaya maka? Muna yara ni da 'ya'yan Inna Zulema, yunwa kamar ta kashe mu, shi yana can yana hira da garwashi. Sai Mama ta ja mu bayan Kunkuru ta ba mu burodi da cuku a ɓoye, ta ce mu goge baki kada ya gani."

Gastón ya ce ai shi ma an ba shi wannan burodin, shekarar da ya fara zuwa.

"Ita ma fa hayaƙin tayar mata da ƙwannafi yake yi," in ji Noelia. "Ɗan kaɗan take ci, ta tura sauran ƙarƙashin ganye. Ta ce mana, in na kira tafi, ku tafa da ƙarfi, ko kun ci ko ba ku ci ba. Babanku ba shi da wani abu sai wannan. Allah ya jiƙan Mama."

Da ƙauna ta faɗa, idonta har ya kawo ruwa don tuna uwarta. Ba ta da niyyar komai, kuma wannan ne ya sa ba inda zai kama. Da da gori ta yi, da ya san abin da zai ce. Ya tsaya da wuƙa a hannu, naman da ke kanta yana hucewa. Ya tuna yadda Herminia ke ɓacewa bayan Kunkuru da yara duk ranar gashi, ta ce za ta wanke musu hannu. Ya tuna farantinta, kullum da tulin ganye a gefe, shi kuma yana tsokanarta wai ta zama zomo. Kusan shekara arba'in yana zagaya ƙauyuka neman pikilin busasshe, yana shinshina kowane guntu, yana ƙona gashin hannunsa, yana zaton yana ciyar da gidansa abin da ba mai iya ba su. Ashe haƙuri suke yi da shi. Zuciyarsa ta yi ɗaci, ɗacin da bai san wa zai ba ba, tunda wadda ta shirya abin tana kabari, kuma don son sa ta yi.

"Ci mana, Baba, zai huce."

Ya ci. Ba abin da ya ji sai gishiri.

Da yamma Noelia ta same shi yana kankare raga, ta rungumo kafaɗarsa ta baya. Ta ce ya manta da zancen gidan bakin teku. Ita da Gastón sun yi magana, in dai haka za a riƙa yi, ba hayaƙi a kayan sawa, ba jiran yunwa, ba fargabar gobara, to baɗi ma nan za su zo, wataƙila har su ƙara kwanaki. Kunkuru ba na sayarwa ba ne. Ta sumbaci kumatunsa ta tafi. Abin da ya je shagon Basualdo nema ke nan, ga shi ya samu, har da ƙari. Ya ci gaba da kankare ragar da ta riga ta fita.

Gastón ya matso yana sosa ƙeya, ya tambaya cikin ladabi ko Don Fermín zai nuna masa yadda ake kunna abin, don kawai ya sani. A da, irin wannan tambayar kallo ɗaya ke kashe ta. Don Fermín ya nemi wannan kallon a fuskarsa bai same shi ba. Me zai ce? Cewa sai an shekara ana koyo? Ya nuna masa maɓallin. Ya nuna masa gefen da ya fi zafi, da yadda ake bari ƙarfe ya sha wuta kafin a rage, da ruwan sabulu a mahaɗa. Duk ilimin bai kai tsawon shan mate ɗaya ba. Gastón ya gyaɗa kai ya ce ashe ba wuya.

Kwana biyu bayan haka Don Fermín ya sauka cikin ƙauye sayen burodi. Bai yi sauri ba. Ya tsaya ya gaisa da Doña Clorinda, ta yi ta yaba masa da ya bi doka ba gardama, ta ce da duk tsofaffi irinsa ne da ta huta. Da ya dawo, tun daga nesa ya ji ƙamshin kitse. Gastón na tsaye a bakin baƙin murhun, ya ɗaura tawul a kafaɗa, yana juya naman kuiɓi da cokali mai yatsu na Don Fermín, mai ƙotar ƙahon barewa, wanda ko Herminia ba ta taɓa wanke shi ba sai da izini. Da ya hango surukinsa sai ya ɗan ja da baya, kamar zai miƙa masa.

Noelia ta riga shi. Ta karɓi burodin, ta kama hannun ubanta ta kai shi kan teburi, inda aka ajiye masa kujera mai matashi a inuwa.

"Yau kai baƙo ne, Baba. Tun da nake ban taɓa ganin ka ci nama a zaune ba. Ka sha maganinka?"

Ya zauna. Daga nan ƙasa komai ya yi masa wani iri: bai taɓa ganin teburin ta wannan gefen ba, bai san haka bayan mai gashi yake ga masu jira ba. Gastón ya zo da katako ya fara da shi, ya ajiye masa yanki mafi kyau, ya tsaya yana jiran hukunci. Don Fermín ya yanka. Ya so ya same shi ɗanye, ko busasshe, ko gishiri ya zarce. Naman ba shi da maraba da wanda shi ya gasa ranar Lahadi.

"Ya yi," in ji shi.

Gastón ya koma bakin raga da fara'a, ya tsaya yana cin nasa a tsaye. Aka ci aka ƙoshi. Noelia ta goge baki, ta ɗaga murya, ta ce a yi wa mai gashi tafi. Gastón ya kaɗa hannu wai a bari.

Don Fermín ya ajiye wuƙarsa a gefen faranti. Ya tafa da ƙarfi, yadda ashe aka koya wa kowa a gidan.